Rijiya ta bayar, kura ta hana: tambaya kan kura huɗu da na ɗaura a lambu

Mai Lambu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga malamai da masu sana'ar hannu da ke wannan zaure, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina, domin ina so a ga yadda abin yake kafin a ba ni amsa.

Ina da ɗan lambu a bayan gari inda nake noman albasa da tumatir da rani. A cikinsa akwai rijiya wadda daga bakinta zuwa kan ruwa ya kai mita 12 a wannan lokaci na shekara. Shekara biyu ke nan ina jan ruwa da kura guda, wato ƙafar ƙarfen nan mai kwari da igiya ke bi ta kanta, da guga mai cin lita 20. Ruwa yana samuwa, amma kafin hantsi ya dubi ludayi kafaɗuna sun riƙe. Wani ƙanena da ke sakandare ya nuna mini zane a littafinsa na kimiyya, inda aka ce idan aka haɗa kura huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa tare da kayan, nauyin da hannu zai ji zai koma kashi ɗaya cikin huɗu, wato kilo biyar a gugana. Na kai wa mai walda zanen ya haɗa mini, na ƙaro igiya, na ɗaura.

Gugan ya yi sauƙi, ban musa ba, amma bai yi sauƙin da aka faɗa ba, domin ni dai hannuna ba kilo biyar yake ji ba. Igiyar da nake ja kafin guga ɗaya ya fito tana taruwa a ƙafafuna tuli guda. Idan na juye ruwan, gugan ba ya komawa ƙasa da kansa sai na riƙa tura masa igiya. Abin da ya fi damuna shi ne, fangalin da nake shayarwa kafin azahar yanzu bai kai na da ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da jigo ya yi ban ruwa a fadama, itace ne kawai da curin laka, amma yakan shayar da filin da ya ninka nawa. To, in ba ƙira, me ya ci gawayi? Littafin ne ya yi kuskure, ko mai walda, ko ni?

Malamin Kimiyya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Mai Lambu. Littafin bai yi ƙarya ba, sai dai ƙanenka ya karanta maka rabin shafi.

Kura, da jigo, da ƙafa mai juyawa a kan sanda, da katakon da ake jinginawa a mirgina duro cikin mota, da weji irin bakin gatari, da zaren noti, su ne ake kira sassauƙan na'urori, kuma duk wani babban inji daga cikinsu aka harhaɗa shi. Arkimidis, mutumin Sirakus da ke tsibirin Sisili, wanda ya mutu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya tsara ƙa'idar sanda mai madogara, sannan Hiron na Iskandariyya ya lissafa biyar daga cikin waɗannan na'urori a ƙarni na farko. Dukkansu ciniki ɗaya suke yi da mai amfani da su: su rage masa ƙarfin da zai sa, shi kuma ya biya da nisan da hannunsa zai yi tafiya. Babu wadda take rage aikin kansa, domin a lissafin kimiyya aiki shi ne ƙarfi a ninka da nisa.

Mu ɗauki rijiyarka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka kana ɗaga kilo 20 tsawon mita 12, wato 240 idan aka ninka. Da kura guda, hannunka yana jan kilo 20 tsawon mita 12, kurar ba ta rage komai ba, ta dai juya maka jan ya koma ƙasa maimakon sama, wanda ya fi wa jiki daɗi. Da kura huɗu, igiya huɗu ce ke rataye da gugan, kowace tana ɗauke da rubu'in nauyin, amma kafin gugan ya tashi mita ɗaya sai kowace cikin huɗun ta gajarce da mita ɗaya, kuma duk wannan ragi ta hannunka yake wucewa. Shi ya sa kake jan mita 48 maimakon 12. Kilo 5 sau 48 ya ba da 240 ɗin nan dai. Tulin igiyar da ke ƙafafunka shi ne kuɗin da kake biya.

Wannan lissafi na na'urar da ba ta da nauyi kuma ba ta gogayya ne, wadda a takarda kaɗai ake samunta. A bakin rijiya kuwa, kana ɗaga gugan kansa da kura biyun ƙasa a kowane ja, kuma ba su shayar da albasa. Idan muka ƙaddara gugan kilo 2 ne, kurayen ƙasa kilo 4, to abin da ke rataye ya zama kilo 26. Bayan haka kowace kura tana karɓar nata harajin a inda take gugar sandarta. Ma'aikatan jiragen ruwa suna da tsohon ƙiyasi cewa a ƙara ushirin nauyin kaya saboda kowace kura da igiya ta bi. Ushirin 26 sau huɗu ya haura 10 kaɗan, jimla ta haura 36, a raba huɗu a sami kilo 9 da ɗan ɗoriya. Ka ga ya kusa ninka biyar ɗin da aka yi maka alkawari.

Abin da ake kira ingancin na'ura shi ne a ɗauki aikin da ya fito mai amfani a raba shi da aikin da aka zuba. A nan 240 ne ya fito, an zuba 9 sau 48, wato 432, inganci ya tsaya wajen kashi 55 cikin ɗari. Sauran ya tafi a ɗaga ƙarfe, da zafi, da ƙarar da kake ji, da cinyewar sanda da igiya. Shawarata ta farko ita ce ka sa wa kurayen mai, sannan ka nemi sikelin rataye irin na masu auna kaya, ka maƙala shi a igiyar da kake ja, ka duba abin da yake nunawa lokacin da gugan ke tafiya a hankali. Da wannan lamba za mu san ainihin abin da ke faruwa.

Bakanike ya rubuta:

Allah ya gafarta Malam, bayanin ya gamsar, amma ina da gyara a wuri biyu, kuma daga abin da hannu ya taɓa nake magana.

Ƙiyasin ushirin nan na kurar da aka ƙera a masana'anta ne, wadda aka daidaita raminta da sandarta. Mu a gareji fuli muke ce mata, kuma wadda mai walda zai haɗa a bakin titi daga guntun faifan ƙarfe da rodi, sau da yawa ramin ba ya zama a tsakiya sosai, sandar ba ta da santsi, gefen ƙafar kuma yana gugar ƙarfen da ya riƙe ta. Irin wannan tana iya cin fiye da ushiri nesa ba kusa ba. Ba laifin mai walda nake gani ba, an ba shi zane ne, kuma zane ba ya faɗin girman ƙafa.

Girman ƙafar kuwa shi ne kan maganar. Gogayya a jikin sanda take faruwa, igiya kuma a bakin ƙafa take ja, saboda haka ƙafar kanta wani ɗan jigo ne a kan sandarta: idan ƙafar tana da faɗi sandar kuma siririya ce, igiya takan rinjayi gogayyar cikin sauƙi, idan kuwa ƙafar ƙarama ce a kan sanda mai kauri, gogayyar ta sami wurin kamawa. Haka nan igiya mai kauri ba ta son a lanƙwasa ta a ƙaramar ƙafa, duk lokacin da ta shiga kwari ta fita sai zarurrukanta sun gogi juna, kuma wannan ma ƙarfinka ne yake tafiya. Masu yin igiya sukan ce faɗin ƙafa ya kai ninki takwas zuwa goma na kaurin igiyar. Ina roƙon Mai Lambu ya auna mana faɗin ƙafa da kaurin sanda da na igiya.

Gyara na biyu kan mai ne. Gaskiya ne giris yana rage gogayya ƙwarai, amma a buɗaɗɗen wuri, da hunturu, a bakin rijiyar da ƙasa ke tashi, giris yakan kama yashi ya zama abin wasa ƙarfe, ya cinye sandar fiye da yadda za ta cinye a bushe. Kuma kurayen ƙasa suna bin guga har kan ruwa, duk man da aka shafa musu rabonsa ya ɗiga cikin rijiyar da ƙila ake sha. Abin da ya fi shi ne boris mai rufi, domin a cikinsa ƙwallayen ƙarfe mirginawa suke yi maimakon su ja jiki, kuma abin da ke mirginawa ba ya cin ƙarfi kamar abin da ake ja a ƙasa. Wanda ya taɓa mirgina duro ya kuma taɓa jan buhu ya san bambancin. Mafi arha a nan shi ne tsohuwar ƙafar keke ko ta babur, a cire taya, kwarin rim ya zama hanyar igiya, boris ɗinta yana ciki, faɗinta kuma ya ninka na kurar mai walda sau da yawa. Ta keke tana iya karkacewa idan kaya ya yi nauyi, ta babur ta fi juriya.

Batun gugan da ba ya komawa ƙasa, dalilinsa ke nan. Gugan da babu ruwa tare da kurayensa ba su wuce 'yan kiloli ba, kuma su ne za su janyo igiya mai tsawon mita 48 ta cikin kura huɗu masu tauri, a wannan karon kuma lissafin ya juya musu baya, domin ƙarfinsu rabuwa yake yi huɗu kafin ya iso ƙarshen igiyar.

Kada dai a ɗauka gogayya abokiyar gaba ce a ko'ina. Jak ɗin mota mai zare yana cikin na'urorin da suka fi ɓarnar ƙarfi. Idan hannunsa santimita 30 ne, kowane zagaye hannunka ya yi tafiyar kusan mita 1.9, motar kuma ta tashi milimita 5 idan tazarar zaren ke nan, wato ninki kusan 380 a takarda. A aikace fiye da rabin wannan yana tafiya a gugar zare da noti, kuma da gangan aka bar shi haka, domin zaren da ingancinsa ya haura rabi yana iya warwarewa da kansa idan aka saki hannu. Wannan ɓarnar ce take riƙe mota a sama lokacin da nake kwance a ƙarƙashinta. Haka bel ɗin injin niƙa, in ba ya kama fuli, dutse ba zai juya ba.

Dattijon Fadama ya rubuta:

Na karanta bayanin Malam da na Bakanike, Allah ya ƙara basira. Sai dai duk cikinku babu wanda ya taɓa maganar jigo, ni kuma a jikinsa na girma, saboda haka bari in ce wani abu.

Ɗana Mai Lambu, kafin ka zargi ƙarfenka, ka tuna daga ina mahaifinka yake ɗebo ruwa. Jigo a fadama ake kafa shi, a bakin rafi ko tafki ko 'yar rijiyar da ruwanta yake kusa, inda ba a ɗaga ruwa fiye da mita biyu ko uku. Kai kuwa daga mita 12 kake ɗagowa. Ko da kayan aikinku iri ɗaya ne, gumin da zai fito maka da guga ɗaya shi zai fito masa da guga shida idan nasa ruwan yana mita biyu. Wannan ba laifin kura ba ne, zurfi ne, kuma babu dabarar da take cike shi.

Amma jigo yana da nasa sirrin. Ana kafa gwafa biyu, a gitta itace a kansu, a ɗaure doguwar sanda a kai yadda ɓangaren da ke wajen ruwa ya fi tsawo, a manna curin laka ko a ɗaure dutse a gajeren ɓangaren. Idan dogon hannu ya ninka gajeren sau uku, to lakar da za ta yi daidai da ruwa kilo 10 sai ta kai kilo 30, wannan ko ba a je makaranta ba mai kafa jigo ya san shi da hannu, yana ƙara laka yana ragewa har ya ji ta zauna. Aikin mai ban ruwa shi ne ya janyo gugan ƙasa alhali babu komai a cikinsa, yana sakar masa nauyin jikinsa, idan ya cika kuma lakar ce take ɗago shi, shi dai ya bi shi da hannu ya juye a magudana. Wasu sukan rage lakar yadda za su ɗan sa ƙarfi wajen sauka su ɗan sa wajen hawa, aikin ya rabu biyu, babu inda ya yi tsanani. Ƙugu ba ya sunkuyawa ya ɗauki kaya, shi ya sa mutum yake iya wuni a kai. Wurin da itace ke gugar itace kuma guda ɗaya ne tak, kuma ɗan karkatawa yake yi, ba zagaye ba. Ba don banza ba aka same shi a zanen kaburburan Masar na fiye da shekara 3,000, kuma bai bar fadamunmu ba sai da ƙananan injinan ban ruwa masu shan fetur suka yawaita a shekarun 1980 da 1990.

Inda rijiya ta yi zurfi, mutanen da ba su nemi su tara kura ba. A lambunan Abzin da ke Nijar, wajen Timiya da Tabelot, kura suke kafawa a kan katako a saman rijiya, su ɗaura babban wasaki na fata mai baki a ƙasa wanda yake juye kansa idan ya iso sama, sa ko raƙumi ya ja igiyar yana tafiya yana dawowa. Sun gane cewa zurfi ƙarfi yake nema, sai suka nemo wanda ya fi su ƙarfi. Kuma duk wanda ya ga itacen bakin tsohuwar rijiyar makiyaya, yadda igiya ta sassare shi kwari-kwari, ya ga inda ƙarfin masu ja yake zuwa idan babu kura ko ɗaya.

Mai Lambu ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar zurfi ta shige ni, domin ban taɓa kwatanta mita biyun mahaifina da sha biyuna ba.

Na aro sikeli na yi awon da aka ce. Gugan da babu ruwa kilo 2 ne, kurayen ƙasa da ƙugiyarsu kilo 4, kamar yadda Malam ya ƙaddara. Lokacin da nake ja a hankali da guga cike, sikelin yana tsayawa wajen kilo 11, amma a farkon ja, kafin abin ya motsa, yakan haura haka. Faɗin kowace ƙafa santimita 8 ne, sandar santimita 2, igiyar kuma ta kai santimita ɗaya da rabi. Na kuma sami tsohuwar ƙafar babur na rataya ita kaɗai don gwaji, sikelin ya nuna kilo 23 da wannan gugan. Tana juyawa kamar ba a taɓa ta ba, amma kilo 23 shi ne nauyin da na gudo daga gare shi tun farko. Yanzu ina mafita?

Malamin Kimiyya ya rubuta:

Madalla da wannan awo, ya fi duk ƙiyasin da muka yi. Na karɓi gyaran Bakanike, domin lambobin sun tsaya a bayansa.

Kilo 11 sau mita 48 ya ba da 528, abin da ya fito kuma 240 ne, saboda haka ingancin kura huɗun kashi 45 ne cikin ɗari, ƙasa da abin da na lissafa. Idan aka bi igiyar daga hannunka, za a ga kowace kura tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da ya iso gare ta: kilo 11 ya zama 8.8 bayan ta farko, ya zama 7 bayan ta biyu, 5.6 bayan ta uku, 4.5 bayan ta huɗu, kuma waɗannan huɗun idan aka tara su sun ba da kusan 26 da ke rataye. Igiyar ƙarshe ba ta ɗauke da ko rabin abin da ka saka. Da ka ƙara kura ta biyar da ta shida, abin da za su ƙara maka kaɗan ne, igiyar da za ka ja kuwa ta ƙaru da mita 24.

Awon ƙafar ya nuna inda harajin yake fitowa. Tun 1699 Bafaranshen nan Amontons ya nuna cewa gogayya tana ƙaruwa daidai da nauyin da ke danne abu biyu da juna. Sandar kura tana ɗauke da jan igiya ta ɓangare biyu, wato ninki biyu. Idan muka ƙaddara busasshen ƙarfe a kan ƙarfe yana riƙe kashi 3 cikin 10 na abin da ya danne shi, sandar kuma rubu'in faɗin ƙafar ce, to biyu sau 0.3 sau rubu'i ya ba da kashi 15 cikin ɗari. Ragowar yana fitowa daga lanƙwasa igiya mai kauri a ƙafar da ba ta kai ninkinta shida ba. Haurawar da sikeli yake yi a farkon ja ma sananniya ce, domin tayar da abin da ke tsaye ya fi ci gaba da jansa wuya, shi ya sa ja mai ɗorewa ya fi fizga da tsayawa. Ƙafar babur kuwa ta karɓi kilo 23 ta ɗaga 22, asararta kilo ɗaya ce, kuma idan aka auna da ruwan kaɗai ingancinta ya kai kashi 87.

Ga abin da wannan yake nufi a fangali. Mutum mai lafiya da zai yi sa'o'i yana aiki ba ya wuce ƙarfin wat 75 ko kusa da haka, wato kamar ushirin abin da ake kira ƙarfin doki a jikin inji, wanda yake wat 746. Ɗaga lita ɗaya mita 12 yana cin jul 118 (jul shi ne ma'aunin aiki, wat ɗaya kuma shi ne aikin jul ɗaya a kowane sakan). Da inganci na kashi 45, aikin awa ɗaya ba zai ba ka fiye da lita 1,000 da 'yan kai ba, da kashi 87 kuwa zai kusa 2,000, kuma duka biyun ban cire lokacin saukar guga da juyewa ba, wanda a kura huɗu ya fi tsawo.

Mafitar da ta fi arha ba ta buƙatar mai walda. Ka bar ƙafar babur ɗin ita kaɗai, ka rage gugan ya koma mai cin lita 10. Tare da nauyinsa hannunka zai ji kilo 11 zuwa 12, daidai da abin da kake ji yanzu da kura huɗu, amma a cikin mita 48 na igiya da kake ja ka fito da lita 20, za ka yi ja huɗu ka fito da lita 40. Idan bakin rijiyar yana da faɗin da guga biyu za su wuce juna, ka ɗaura guga a kowane ƙarshen igiyar, ɗaya yana hawa cike ɗaya yana sauka fanko. Nauyin gugan biyu zai soke juna, kamar yadda lakar jigon da Baba ya bayyana take yi, kuma babu jiran sauka.

Idan kuwa lallai babban gugan kake so, akwai hanyar samun ninki huɗun ba tare da kura huɗu ba. A gitta gungume ko bututun ƙarfe mai faɗin santimita 20 a saman rijiya a kan boris biyu, a yi masa hannun murzawa mai tsawon santimita 40 daga tsakiya. Hannun ya ninka rabin faɗin gungumen sau huɗu, saboda haka kilo 22 zai koma wajen kilo 6 a hannu, babu ƙarfen da yake bin guga cikin rijiya, kuma zagaye 19 ya isa ya naɗe mita 12. A yi gungumen da tsawo yadda igiyar za ta kwanta layi ɗaya, domin idan ta hau kan 'yar'uwarta faɗin ya ƙaru, hannun ya ƙara nauyi.

Bakanike ya rubuta:

Idan za a yi na murzawar, to a gaya wa mai walda ya sa faifai mai haƙora a jikin sandar da ɗan harshen ƙarfe da zai riƙa faɗawa cikin haƙoran. Boris ba ya riƙe kaya kamar zaren jak, kuma idan hannu ya kuɓuce alhali guga yana cike, mariƙin zai juyo da gudu, yana iya fasa haɓa ko ya karya hannu, musamman idan yara za su riƙa taya ka. Kura huɗun kuma kada ka sayar da su a kilo, ka ajiye su don ranar yasar rijiya ko saukar da kwalbati, inda kayan ya fi ƙarfin mutum kuma sau ɗaya ko biyu za a ɗaga shi.